Rabin da na soke da jan biro

Shekarun baya, mai lissafi irin namu a Keffi ba shi da abin dogaro sai takarda da biro, sai kuma ƙwaƙwalwarsa idan ta ga dama. Yanzu ina ganin ɗalibai suna ɗaukar hoton allo da waya, ko bayan shekara goma mutum zai zaro hoton ya ce ga abin da na rubuta ranar kaza. Mu a lokacinmu abin da ka yar ya tafi, abin da ka tuna shi ne shaidarka. Wasu daga cikinku masu karanta ni a nan sun sha tambayata dalilin da ya sa ɗakina ya cika da akwatunan tsofaffin takardu, har iyali suna cewa ɓeraye nake wa tanadi. To ga dalilin.

Bari in fara da aikin da na yi rayuwata a kai, a taƙaice. Akwai wasu ƙananan halittu da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, ana ce musu mezon. Ba sa daɗewa, kafin ƙiftawar ido sun fashe sun zama wasu abubuwa. Yawanci hanyoyin fashewarsu sanannu ne, amma can ba a rasa ba, sau ɗaya cikin ɗimbin fashewa, sai ɗaya ta bi wata hanya da ba a saba gani ba. Aikinmu shi ne mu zauna da biro mu faɗi sau nawa hakan zai faru, tun kafin masu manyan injuna a Turai su auna. Idan awo ya dace da lissafi, an fahimci dokar da abin yake bi. Idan ya saɓa, ko dai akwai sabon abu a duniya, ko kuma wani ya yi kuskure. Galibi na biyun ne.

Abokina mutumin Agwada ne, Kirista, ɗan manomi. A makarantar sakandare muka haɗu nan Keffi, ya zo da akwatin ƙarfe da 'yan doya a buhu. Hausarsa a lokacin tana da karin harshen gidansu, muna yi masa dariya, shi kuma yana ramawa a jarrabawar lissafi. Ƙananan hutu a gidanmu na Tudun Ƙofa yake yi. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, kasancewar ni ne ɗan fari, amma shi tana ce masa "ɗana na Agwada" da baki cike, har nakan ji kishi.

Daga baya hanya ta raba mu. Ni na samu tafiya waje: Italiya, Faransa, ɗan zama a Rasha, daga baya Indiya. Na koyi harsuna, na koyi shan gahawa a tsaye, na koyi katse mutum yana tsakiyar magana, domin a can idan ba ka katse ba sai a ɗauka ba ka gane ba. Shi ya zauna gida yana koyarwa a wata jami'a da mujallun ilimi suke isa ɗakin karatunta bayan shekara guda. Ya fi ni lissafi. Wannan magana ta ɗauke ni shekaru kafin bakina ya iya furta ta.

Wata damina na zo hutun wata uku, muka shirya mu yi aiki tare a kan wani mezon da ake kira kayon, yadda wani lokaci yake fashewa ya bar ƙaramin ɗan'uwansa da ƙwayoyin haske guda biyu. Muka sa tebur a zauren gidanmu. Tsarinmu shi ne ni in yi lissafin da sauri, rubutuna kamar inda kaji suka yi tono, shi kuma ya bi layi-layi da fensir yana dubawa, sannan ya kwafe a takarda mai tsabta da kyakkyawan rubutunsa. Da zarar ya kwafe shafi, sai in dunƙule nawa in jefa a kwando. Wannan ɗabi'a ce da na ɗauko wajen malamina na Italiya, wanda ba ya son ganin komai a teburinsa sai shafin da yake kai. Kullum da safe nakan tarar da kwandon babu komai. Na ɗauka ana hura wuta da su ne a madafi, ban taɓa tambaya ba.

Mahaifiyata takan kawo mana dafaffiyar gyaɗa ko gasasshiyar masara da hantsi, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu muna gardama. Wata rana ta tambayi abin da muke nema haka da ya hana mu fita. Ni na fara dogon bayani, na ga idonta ya koma kan akuyar da ke ƙoƙarin shiga rumbu. Abokina ya karɓe.

"Inna, kamar a ce an tara buhunan gero cike da ɗaki, a cikinsu akwai 'yan ƙwayoyi jajaye. Mu muna so mu faɗi yawansu tun ba a kwance buhu ko ɗaya ba."

Ta tambayi wa zai zauna ya tsince su don a san mun yi daidai. Ya ce Turawa ne, da injinsu. Ta jinjina kai ta ce Allah ya ba su haƙuri, ta ɗauki kwanonta ta koma ciki.

Aikin ya kammala, aka buga shi da sunayenmu biyu. Bayan wasu watanni aka gayyace mu wani taro a Turai, ni kuma na dage cewa shi zai gabatar. Niyyata mai kyau ce. Akwai gurbin bincike na shekara biyu a wata cibiya, kuma masu ba da gurbin za su kasance a zauren. Tafiyarsa ta farko ke nan waje. Matarsa ta ɗinka masa sabbin kaya, mahaifiyata ta ba shi dambun nama a gwangwani.

Ya yi bayani mai kyau, a natse. Ya kusa gamawa sai wani dattijon farfesa da ke gaba ya ɗaga hannu, ya tambaya cikin ladabi ko mun raba da biyu.

Ga abin da yake nufi. Ƙwayoyin hasken nan biyu iri ɗaya ne sak, babu yadda za a bambanta su. Lissafi kuwa yakan ƙirga kowace fashewa sau biyu: sau ɗaya wannan ta yi dama waccan ta yi hagu, sau ɗaya akasin haka, alhali abu ɗaya ne ya faru. Don haka dole a ƙarshe a raba da biyu. Ɗalibin da ya fara wannan fanni ma ya san haka. Mu ba mu raba ba. Adadin da muka buga ya ninka na gaskiya.

Abokina ya juya ya dubi allo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya neme ni da ido. Ina layi na uku. Na duƙar da kai ina kallon takalmina.

Abin da na yi a lokacin shan gahawa shi ne abin da ya fi min nauyi. Mutane suka kewaye ni suna jaje, ni kuma na ce musu rabin, wato alamar rabawa da biyun, yana nan a lissafina na asali, wajen kwafa ne ya faɗi. Na faɗa wa wasu da Italiyanci, na faɗa wa wasu da Faransanci. Abokina yana tsaye kusa da ni riƙe da kofi, ba ya jin ko ɗaya daga cikin harsunan, amma ya ga yadda ake waiwayowa ana kallonsa da tausayi. Mutum ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan.

A jirgin ƙasa washegari ya tambaye ni abin da na ce musu. Na faɗa masa. Na ce ina tuna lokacin da na rubuta rabin, har ina ganin inda yake a gefen shafin.

"Ina takardun naka?" in ji shi.

"Na yar. Ka san ba na ajiyewa."

Ya ce to. Ya mai da fuskarsa taga har muka sauka.

Ina so ku gane wani abu: ba ƙarya nake yi ba. Da an ba ni Alƙur'ani a ranar, da na dafa. Ina ganin rabin nan a cikin kaina, da baƙar tawada, a ƙasan shafi ta hannun dama. Gyaran da muka aika wa mujallar ni na rubuta shi, na ce kuskure ne da ya auku wajen kwafa. Abokina ya sa hannu. Gurbin kuwa wani aka ba.

Shekara tara muka yi a haka. Ba mu yi faɗa ba, da mun yi ma da ya fi sauƙi. Ya bar bincike, ya koma koyarwa a kwalejin horar da malamai, ƙarshen mako yana gona. Katin Kirsimeti da nake aika masa ya koma layi biyu, gaisuwar sallarsa ta koma saƙo ta bakin wani. Amma duk kaka doyarsa tana isowa gidanmu, kuma yakan zo gaida mahaifiyata idan ya tabbatar ba na ƙasar. Ta taɓa tambayata ko lafiya tsakaninmu, na ce aiki ne ya yi mana yawa. Ta dube ni kawai. Ni kuwa a raina har yabon kaina nake yi, wai na yafe masa kuskuren da ya jawo mana kunya.

Shekarar da na dawo gida gaba ɗaya, rufin ɗakin mahaifiyata ya fara yoyo, muka kira masu gyara. Da safe muna fitar da kayanta tsakar gida, sai aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, nauyi kamar an zuba duwatsu. Na tambaye ta mene ne a ciki. Ta ce ai kayana ne, ta gaji da gadinsu.

Na buɗe. Takarduna ne na waccan damina, duk wanda na dunƙule na jefa a kwando. Ta warware kowanne, ta danne shi a ƙarƙashin katifa har ya miƙe, ta ɗaure na kowace rana daban da ƙyallen atamfa. Na tambaye ta me ya sa ta wahalar da kanta haka, alhali shara ce.

"Shara? Ka rubuta sunan Allah a saman kowace takarda, ka dunƙule ka jefar, ni kuma in hura wuta da ita?"

Na duba. A saman kowane shafi akwai bisimilla da ƙaramin rubutun Larabci. Tun muna makarantar allo hannuna ya saba, duk takardar da zan fara sai na rubuta, har na daina ganin ina yi. Na yi ta a Roma, na yi ta a Mosko, ban sani ba. Mahaifiyata ba ta karanta boko, amma wannan ta san shi ko daga nesa. A Indiya na zauna da wani abokin aiki da idan ƙafarsa ta taɓa littafi sai ya ɗauka ya kai goshi, na dawo ina ba ɗalibai labarinsa a matsayin abin koyi. Ashe a gidanmu ana yin abin da ya fi haka, ina zaune a zaure ban lura ba.

Na zauna a kan turmi ina kwance ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, ina dariyar ƙuruciya. Ga shafin da man gyaɗa ya ɓata, ga wanda abokina ya zana ni da ƙaton kai. Ina cikin haka na zo kan shafin ƙarshe na lissafin. Idona ya tafi kai tsaye ƙasan shafi ta hannun dama, inda na shekara tara ina ganin rabin.

Babu shi. A gefen shafin kuwa akwai rubutun fensir na abokina, ƙarami, mai kyau: "Su biyun iri ɗaya ne. Ba za mu raba biyu ba?" An ja layi a kai da jan biro. A ƙasa, da rubutuna na kaji: "An riga an yi."

Na koma shafin baya, na koma na bayansa, har na kai farkon ɗaurin. Ba a yi ba a ko'ina. Ya gani, ya tambaya, na soke tambayar, shi kuma ya yarda da ni domin ni ne na dawo daga Turai.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan turmin ba. Masu gyara suna ta buga kwano a sama. Mahaifiyata ta zo ta tsaya a kaina ta tambayi abin da na gani. Na faɗa mata duka, har da abin da na ce da Italiyanci. Ba ta yi min faɗa ba. Ta shiga madafi, ta fito da ƙullin daddawa da na garin kuka, ta ajiye a cinyata ta ce in kai wa matar abokina.

"Ana samun motar Agwada har la'asar," in ji ta.

Na ce gobe zan shirya in je da tawa motar, in sayi ɗan abin hannu. Ta ce wanda ya yi shekara tara yana shiri ai ya gama shiryawa. Na tashi.

Na same shi a gonar doya yana kafa sanduna, furfura ta fito masa a gemu. Da ya hango ni sai ya dogara da sanda ya ce yau Baturen Tudun Ƙofa ne a gona, Allah ya sa ba ɓatan hanya ba ne. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na tambayi iyali. Jawabin da na tsara a mota, wanda har sakin layi na yi masa, ya gudu. Sai kawai na zaro takardar na miƙa masa.

Ya goge hannu a wando, ya riƙe ta nesa da ido saboda bai zo da tabarau ba. Ya karanta. Ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Ina ka samo wannan?"

"Inna ce ta ajiye. Duka."

Ya zauna a kan kunya. Ni ma na zauna, da farar shaddata. Na ce masa ni ne, ni na yi kuskuren, ni na soke gyaransa, ni na ɗora masa a gaban mutane da harshen da ba zai iya kare kansa ba. Na ce ya yafe min.

Da ya buɗe baki, abin da ya faɗa ba shi na zata ba. Ya ce shekarar farko yana da tabbacin ya rubuta tambayar nan. Shekara ta biyu ya fara shakka. Zuwa ta uku ya yarda cewa shi ne ya yar da rabin, tunda na faɗa da irin wannan tabbaci kuma bai taɓa sanina da ƙarya ba. Ya ce ba rashin gurbin ne ya sa ya bar bincike ba. Ya daina yarda da idonsa ne. Mutumin da aikinsa duba lissafi ne, idan rabi ya wuce shi, me ya rage masa?

Wannan ban san da shi ba. Na ɗauka suna na ɓata masa a wajen baƙi, ashe abin ya wuce nan.

Ya sake duba rubutun fensirin, ya bi shi da yatsa, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, kuma akwai hawayen, amma dariya ce.

"Ashe na gani," in ji shi. "Dakta, ashe na gani."

Na ce ya gani, tun kafin dattijon farfesan ya gani.

"'An riga an yi,'" ya karanta da irin muryata, har da ɗaga hanci. "Kai, Allah ya shirye ka. Tashi ka riƙe min sandar nan, ko ita ma an riga an kafa?"

Na riƙe masa sanduna har rana ta yi sanyi. Shaddar ba ta ƙara moruwa ba.

Da na dawo na rubuta wa duk wanda nake tunawa yana wurin shan gahawar nan, kowa da harshen da na yi masa waccan magana, na haɗa da hoton shafin. Wasu sun rasu, wasu sun manta da zancen gaba ɗaya, mutum biyu suka amsa. Ban mayar masa da shekara tara ba, ban mayar masa da gurbin ba, kuma bai taɓa nuna min kamar na mayar ba. Lissafin namu ma tuni wasu suka wuce shi, suka ƙara gyare-gyaren da ba mu yi tunaninsu ba, masu injuna suka yi awonsu. A tarihin fannin, kuskurenmu ko layi ɗaya bai samu ba.

Takardar kuwa, bayan ya bar ni na ɗauki hotonta, ya ce ba zai mayar ba. Ya sa ta a cikin Littafi Mai Tsarki da yake zuwa coci da shi. Na ɗan ji nauyin faɗa wa mahaifiyata, saboda bisimillar da ke sama. Da na faɗa mata, sai ta tambaya ko a ƙasa yake ajiye littafin. Na ce a'a, a kan kabad yake, cikin jaka. Ta ce to ai shi ke nan.

Ta rasu bayan shekara huɗu. Shi ne ya fara isowa daga wajen gari, ya zauna a zaure kwana uku yana karɓar gaisuwa tare da mu, kuma babu wanda ya tambayi dalili.

Na zagaya ƙasashe, na ga yadda masana suke tsare gaskiya: wasu da gardama a gaban allo, wasu da sa mutum biyu su yi lissafi ɗaya a ɗaki daban-daban. Duk suna da amfani. Amma abin da ya kama ni a ƙarshe wata tsohuwa ce da ba ta san me ake kira mezon ba, wadda ba ta yarda a taka rubutu. Har yau idan na ji bakina yana shirin cewa "ina tunawa sarai", sai in ji kamar ina zaune a kan turmin nan.

Yanzu duk mun yi ritaya. Ranar Asabar yakan shigo Keffi, mu zauna a zauren nan, ɗaliban jami'a su kawo mana lissafinsu. Ni nake fara karantawa in yi ta surutu, shi ya bi da fensir. Tun daga ranar da aka buɗe adakar nan ban ƙara yar da takarda ba, kuma idan ya sa alamar tambaya a gefen shafi, ba a wuce wurin sai an amsa masa.